Gonar cikin kwamfuta da gonar da Baba ya bari

Sunan unguwarmu da kansa shaida ne. Ba a kiran wuri fadama sai in ruwa yana kwanciya a cikinsa, ƙasarsa tana riƙe danshi, a samu shinkafa da damina, a samu rake da kayan lambu da rani. Yau kuwa in ka zaga Fadaman Mada daga wannan ƙarshe zuwa wancan, abin da za ka gani bulo ne da kwano, da shaguna, da makarantun kuɗi, da rumfunan cajin waya. Fadamar ta koma suna kawai, sai dai in an tafka ruwa a watan Agusta ta tuna mana cewa tana nan a ƙarƙashin gidajenmu.

Mu da muke zaune a nan, yawancinmu zuwa muka yi. Wani aikin gwamnati ne ya kawo mahaifinsa bayan an ƙirƙiro jihar Bauchi a 1976, wani kasuwanci, wani karatu. Akwai mutanen Azare da Misau da Ningi da Jama'are da Darazo, akwai na Kano da Katsina da Gombe. Kowa ka bincika za ka tarar akwai gona a bayansa, ko ta gado, ko wadda ya saya a bayan gari. 'Ya'yanmu kuma a nan aka haife su, da yawansu ba za su iya bambance gero da dawa ba kafin su fid da kai. Shi ya sa a duk majalisar da aka zauna bayan la'asar za ka ji ana cewa yaran yanzu ba sa son noma. Wannan maganar ce nake so mu ɗan tattauna a kai, kuma abin da ya taso da ita wasan kwamfuta ne.

Sunan wasan Farming Simulator 25, wato wasan kwaikwayon aikin gona. Wani kamfani ne na ƙasar Siwizalan mai suna GIANTS Software yake yin sa. Ba yau suka fara ba, tun 2008 suke fitar da shi, duk bayan 'yan shekaru su sabunta. Wannan ya fito ranar 12 ga Nuwamba, 2024, kuma kamfanin ya ce a makon farko kaɗai an sayi kwafi miliyan 2. Ku ji fa, mutane sun cire kuɗinsu don su yi noma a allo. A cikinsa babu harbi, babu ƙwallo, babu tseren mota. Gona za a ba ka, da tarakta, da bashi in kana so, a ce maka bismillah.

Masu wayar hannu a cikinmu sun san 'yan uwansa. Akwai FarmVille da ya yi tashe a Facebook tun 2009, akwai Hay Day da ya fito a 2012. Na san gidaje a unguwar nan da uwargida ba ta kwanciya sai ta leƙa kajinta na Hay Day. To amma waɗancan shafa allo ne kawai, ka shuka alkama ta nuna cikin minti biyu. Wannan sabon kuwa aikin yake so ka yi da kanka, layi bayan layi.

Ɗan yayana ne ya kawo shi gidana. Ɗalibi ne a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, a wurina yake zaune. Shi da abokansa uku suka yi karo-karo suka saya, suka sa a kwamfutar ɗaya daga cikinsu suna karɓa-karɓa. Kuɗinsa a lokacin kusan dala 50 ne, a canjin ƙarshen 2024 ya haura naira dubu 80. Na ce masa, "Kai yaro, wannan ai kuɗin taki ne, ba na wasa ba." Ya yi dariya ya ce, "Bappa, ka dai zauna ka gani." Sauke shi ma aiki ne, ya cinye data mai yawan gaske. Ba kowace kwamfuta ce take ɗaukarsa ba, sai mai ƙarfi, ko PlayStation 5, ko sabuwar Xbox. A waya ba ya hawa, a lokacin mai waya sai dai ya nemi ƙaninsa, Farming Simulator 23, wanda ya fito a watan Mayun 2023. Ga kuma maganar wuta, kowa ya tuna duhun da Arewa ta shiga a ƙarshen Oktoban 2024. Da batirin sola muka lallaɓa, dare huɗu bayan isha'i, ni a kujera, shi a tabarma da kwamfutar a gabansa. Abin da zan faɗa ke nan, ra'ayin wanda ya yi dare huɗu, ba gwani ba.

Abin da ya fara kama ni kyan wurin ne. Ƙasashe uku aka tanada ka zaɓa: ɗaya irin ta Amurka, ɗaya irin ta tsakiyar Turai, ɗaya irin ta gabashin Asiya, wadda suka sa wa suna Hutan Pantai. Muka ɗauki ta Asiya saboda shinkafa. Da asuba hazo yana kwance a kan ruwa, rana tana fitowa a hankali. In tarakta ta bi ta cikin laka, sawun tayarta yana zama a ƙasa. Sautin injin kuwa kamar a ƙofar gida yake. Wallahi sai da na ji kamar ƙanshin ƙasa bayan ruwan farko zai fito ta cikin allon.

Abu na biyu, kuma shi ya fi burge ni, wasan yana girmama tsarin aiki. Ba ka isa ka tsallake mataki ka kwana lafiya ba. Sai ka yi huɗa, ka tsince duwatsun da garma ta tono, ka watsa garin farar ƙasa in gonar ta yi tsami. Kowane iri da watan shukarsa, in ya wuce ya wuce. Taki sau biyu ake sa wa, a tsakani kuma ga ciyawa tana jiran ka. Akwai taswira mai launi-launi da take nuna maka inda ya samu taki da inda bai samu ba. A daren farko yaron ya ce zai yi tsimi, ya hana gonar taki na biyu. Da aka zo girbi, amfanin ya ragu, ya tsaya yana kallon lambobin kamar an cuce shi. Na ce masa haka kakansa yake cewa, gona ba a yi mata wayo. Wanda ya bar noman firi ya wuce shi, ko sau nawa ya yi maimai ba zai kamo maƙwabcinsa ba. Shekara nawa muna faɗa wa yara irin wannan magana tana shiga ta nan ta fita ta can, sai ga kwamfuta ta koyar da ita a dare ɗaya, don asarar tasa ce, ko da ta ƙarya ce.

Shinkafa ita ce babban sabon abin da aka ƙara a wannan fitowar, kuma iri biyu ce. Akwai wadda ake shukawa a busasshiyar ƙasa sannan a sako mata ruwa, akwai ta dashe. Ita ta dashen sai ka reni irin a rumfa, ka gyara fage, ka kunna famfo ya cika shi da ruwa, sannan ka shigo da wata 'yar mota da take bi tana dasawa a jere, kamar an ja zare. Da na ga wannan motar sai na yi shiru. Na tuna mutanen fadamun Jama'are da Gadau, waɗanda suke wuni a duƙe cikin ruwa, ƙafa ta jiƙe ta yi fari, baya ya ƙage, don a dasa abin da wannan 'yar mota take gamawa kafin shayi ya huce. Kuma ba ƙirƙirarriyar mota ba ce, irinta ake amfani da ita a Japan da sauran ƙasashen can.

A dare na biyu yaron ya ɗaga murya, "Bappa, ga dawa!" Da gaske kuwa dawa ce, tun a fitowar wasan ta 2021 aka sa ta. Sai dai gajeriya ce, tsayinta ɗaya kamar an yi mata aski, don injin girbi ya ji daɗin bi. Ba kaura ko farfara irin tamu ba ce, wadda take fin mutum tsayi, a sare kara, a yanke kai, a ɗaure dami. Su a wurinsu ƙwayar ce kawai amfani. Mu kuwa karan ma dukiya ne: danga, makamashi, abincin dabbobi, har tokar da ake tacewa a sa a miya. Iri 25 ne a wasan, akwai masara da alkama da auduga da rake da waken suya da dankalin Turawa. Amma babu gero, babu maiwa, babu wakenmu, babu gyaɗa, babu riɗi, babu rogo. Alhali Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen noman wake, kuma tana cikin manyan masu noman dawa. A cikin ƙasashe ukun nan ma babu ta Afirka ko ɗaya.

Wani abin kuma, gona ɗaya iri ɗaya take ɗauka a wasan. Ba za ka iya sa gero da wake a kunya ɗaya ba. Mu kuma iyayenmu ba da wasa suke haɗa su ba. Wake yana ƙara wa ƙasa ƙarfi, yana rufe ta ya rage ciyawa, ya ba da harawa, kuma in ɗaya ya ƙi, ɗaya ya yi. Wannan dabarar wanda ba shi da banki ce, ba shi da inshora, damina ɗaya gare shi a shekara. Dabbobi ma akwai su. An ƙara awaki, an ƙara ɓauna irin ta gida da mutanen Asiya suke kiwo suna tatsa. Yaron ya ce mu sayi ɓauna, na ce ni wadda na sani tana Yankari, kuma ba a tatsar ta. Awakin kuwa masu ladabi ne ƙwarai, a dare huɗu ban ga wadda ta tsallaka gonar maƙwabci ba.

Inda muka fi daɗewa shi ne shagon injuna. Sun haura 400, daga kamfanoni fiye da 150, duk na gaske da sunayensu: Massey Ferguson, John Deere, New Holland, Kubota da sauransu. Yaron yana ta wucewa da su sai na hango wani suna na ce ya tsaya. Steyr. Na tambaye shi ko ya san sunan, ya ce ya dai san ana kiran wani wuri haka a garin nan. A shekarun 1970 gwamnatin tarayya ta haɗa gwiwa da kamfanonin waje aka kafa masana'antun harhaɗa motoci: Peugeot a Kaduna, Volkswagen a Legas, Leyland a Ibadan, ANAMMCO a Enugu, wata ta manyan motoci a Kano. Rabon Bauchi shi ne Steyr na ƙasar Ostiriya, inda ake harhaɗa tarakta da manyan motoci. Duk wanda ya kai shekara hamsin a garin nan ya san wannan. To ga ɗan Bauchi, jikan manomi, yana ganin taraktar Steyr karon farko a allon kwamfuta.

A wasan, in kana son tarakta, dannawa ɗaya ce, ko ka saya ko ka yi haya, ka tarar da ita a ƙofar shago tana jira. A nan kowa ya san yadda ake yi. Ka biya kuɗin huɗa, ka shiga layi, taraktar tana can gonar wani babba, kafin ta iso gare ka ruwa ya yi nisa. Shi ya sa har gobe garmar shanu da fartanya ne suke riƙe da mu. An yi ƙoƙarin magance wannan, misali kamfanin Hello Tractor da ya fara aiki a Nijeriya a 2014, yana haɗa mai tarakta da manomi ta waya. Amma in taraktocin kansu ba su da yawa, waya ba za ta haifo su ba.

Wannan ya kawo ni kan babban abin da babu a wasan, wato fargaba. Banki a can maɓalli ne, ka danna kuɗi su shigo, ba jingina, ba neman wanda zai tsaya maka. Man tarakta kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Mu kuwa tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, har lita ta haura naira dubu ɗaya a ƙarshen 2024, mai injin ban ruwa sai ya yi lissafi sau biyu kafin ya ja igiya. Gona a can in ka saya ta zama taka, babu rigimar iyaka, babu dillalin da zai sayar wa mutum biyu wuri ɗaya. An dai ƙara ƙanƙara da guguwa da suke ɓata amfani, amma fari babu shi, shuka ba ta taɓa jin ƙishi. Babu wuta-wuta a gindin dawa, babu jan-baki a kan shinkafa, babu tsutsar da take cinye zuciyar masara, babu sharon da ya kwantar da masu tumatir a 2016. Babu ɓarawon da zai riga ka girbi, babu shanun da za su shiga cikin dare, babu dajin da ake tsoron shiga saboda 'yan bindiga. A 2024 kaɗai mun ga ruwa ya yanke babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri a yankin Katagum cikin watan Agusta, mun ga abin da ɓallewar madatsar Alau ta yi wa Maiduguri a Satumba. Manomin allo in abu ya lalace sai ya goge ya sake sabo. Namu in ya lalace, bashi ne, da rage tukunya, da ɗage auren 'ya.

Mutane ma sun yi ƙaranci. Akwai 'yan tsiraru da ake tsayawa a yi magana da su, kuma kana iya ɗaukar ma'aikaci ya tuƙa maka tarakta, amma ba ya cin abinci, ba ya gajiya, ba ya roƙon a ba shi wani abu kafin a tashi don matarsa ba lafiya. Babu gayya, babu yaran da suke kawo fura gona da hantsi, babu mata masu sussuka da shiƙa, babu masu kala da suke bin bayan girbi. Duk abin da ka girbe kuɗi yake zama. A wurinmu kuwa abin da aka girbe abinci ne tukuna. A fitar da zakka, ɗaya bisa goma in ruwan sama ne ya shayar, ɗaya bisa ashirin in da wahalar ban ruwa aka yi. A aika wa gwaggo da inna nasu, a cika rumbu, saura ne yake ganin kasuwa. Wanda ya ƙera wasan nan ya san injin noma ciki da waje, amma bai san cewa gona tana riƙe zumunci ba.

Duk da haka akwai abu ɗaya da wasan yake da shi wanda gonakinmu suke bukata ƙwarai, shi ne lissafi. Akwai shafi guda da yake rubuta komai: kuɗin iri, kuɗin taki, mai, ladan ma'aikata, gyaran inji, ruwan bashi, da abin da aka sayar. Akwai wani da yake nuna yadda farashin kowane amfani yake hawa da sauka a cikin shekara. Kafin dare na uku yaron ya gane da kansa cewa ba a sayarwa ranar girbi, sai a zuba a rumbu a jira wata mai tsada. Ya gane cewa injin da za ka yi amfani da shi sau ɗaya a shekara haya ta fi saye. Ya gane cewa in jari ya yi kaɗan, sai ka yi ƙwadago a gonakin maƙwabta ka tara. Ya gane cewa wanda ya niƙa ya sayar da gari ya fi wanda ya sayar da tsaba samu. Duk wannan ai labarinmu ne. Manomi ya sayar da masara da kaka da araha don bukata ta taso, ya dawo da bazara ya sayi tiya da tsada daga hannun wanda ya saya a wurinsa.

A daren nan ne ya juyo ya ce, "Bappa, gonar kakanmu hekta nawa ce? Buhu nawa take bayarwa? Nawa ake kashe mata?" Shekararsa uku a gidana, wannan ne karon farko da ya tambayi wani abu game da gonar. Na faɗa masa girmanta da abin da ta bayar bara. Kuɗin da aka kashe kuwa yana wurin ɗan uwanmu da yake noma ta, shi ma a ka yake riƙe da shi, yadda iyayenmu suka yi. In ka tambayi manominmu yaya bana, amsa biyu ce: ko an gode Allah, ko sai haƙuri. Godiya wajibi ce, amma ba ta hana rubutu. Yaron ya ce, "To ta yaya ake sanin an ci riba?"

Wannan tambayar ta zo a kan gaɓa, don gonar tana cikin wani hali. Baba, Allah Ya jiƙansa, ya bar mana ita ta hanyar Ningi. Da can daji ne, yanzu gari yana matsowa, dillalai sun fara zarya, suna so a yanka ta filaye. Mu bakwai ne magada, kuma masu son a sayar ba mutanen banza ba ne. Wannan kuɗin makaranta ya sha masa kai, wannan jinya take yi, wannan haya ta ishe shi. Haka dai fadamu da gonakin da suke kewaye da garin nan suka tafi, ba da mugunta ba, da bukata. Amma hujjar da take kashe bakin kowa a duk zaman da muka yi ita ce: in mun bar ta, wa zai noma? Yaran nan?

To ni yanzu ina da abin cewa. Na ga samari huɗu 'yan jami'a sun haɗa kuɗin da ya fi ƙarfin aljihunsu, sun hana idonsu barci, suna gardama a kan ko waken suya ya fi masara riba. Wanda ya tsani noma ba zai yi haka ba. Abin da suka tsana shi ne noman da suka gani a wurinmu: wahala ba kayan aiki, kashe kuɗi ba lissafi, ƙarshen shekara a ce sai haƙuri. Muna yi wa noma kirari da na duƙe tsohon ciniki, su kuma duƙawar ce ba sa so, cinikin suna so.

Na kira yayana a waya na ce, "Yaya, alfarma nake nema. A bar maganar sayarwar nan zuwa bayan kaka mai zuwa." Ya ce, "Saboda wasan yara?" Na ce, "Saboda ɗanka ya tambayi buhu nawa gonar take bayarwa." Ya yi shiru, can ya ce zai yi magana da sauran. Yanzu dai an amince da shekara ɗaya. Za a yankar wa yaron da abokansa gayauna a gefe, iri da taki a wuyana, aiki da littafin lissafi a wuyansu, har da na babbar gonar. Ko za su jure, Allah ne masani. Ranar Mayu ba ta cikin kwamfuta, haka kanta a hannu da kunama a ƙarƙashin dami. In sun gudu, masu son sayarwa sun samu hujja, ni kuma ba ni da bakin magana.

Kada wani ya ɗauka cewa nake yi ya cire kuɗinsa ya sayo wasa. A wannan hali da ake ciki buhun abinci ya fi. Wasan kuma yana da cin lokaci, in ba a sa wa yaro ido ba sai ya haɗa da sallah da karatu ya shuka a gonar allo. Akwai kuma wata illar, yana iya sa yaro ya raina duk noman da ba na ƙatuwar tarakta ba. Alhali abin da ya taɓa canza rayuwar manomanmu ƙananan kaya ne. Shirin Fadama na farko da aka yi da tallafin Bankin Duniya a farkon shekarun 1990, wanda Bauchi tana cikin jihohin da aka fara da su, da 'yan rijiyoyin burtsatse da ƙananan injinan ban ruwa ya bunƙasa noman rani. Yau ma injin huɗa na turawa da hannu, da injin sussuka, da famfon sola, su ne daidai ƙarfinmu, musamman in mutum biyar ko goma suka haɗa kuɗi. Masu ilimin abin kuma ba nisa suke ba. Ga malaman gona na BSADP, ga Kwalejin Aikin Gona a Yalwa, ga tsangayar aikin gona ta jami'a a Gubi.

Ga samarinmu masu karatun kwamfuta kuma, ina da ƙalubale. Kamfanin ya bar ƙofa a buɗe, kowa yana iya ƙera tasa taswirar da nasa injin ya sa a wasan, mutanen ƙasashe da dama suna yi. Me zai hana a ga fadamar Jama'are a ciki, da gero da riɗi, da garmar shanu, da kasuwa irin ta Muda Lawal inda za a kai kayan gwari? In ba ku yi ba, babu wanda zai taso daga Siwizalan ya yi mana.

Iyaye kuma, in kun ga yaro ya duƙufa a kan gonar waya, kafin ku ƙwace wayar ku tambaye shi me ya shuka, nawa ya kashe, nawa ya samu. In ya iya ba ku amsa, to ku jira hunturu ya shigo, masu noman rani su fara gyaran fage. Ku ɗauke shi ranar Asabar ku kai shi lambun wani ɗan uwa, ku saya masa littafi da biro, ku ce ya rubuta duk abin da ya shiga da abin da ya fita har zuwa ɗiban ƙarshe. Mai lambun zai amfana, yaron zai ga inda allo ya faɗi gaskiya da inda ya yi shiru. Wanda kuma yake da gonar gado da ake shirin yankawa, ya tambayi 'ya'yan gidan tukuna kafin ya kira dillali.

Allah Ya jiƙan iyayenmu da suka bar mana ƙasa, Ya sa albarka a abin da aka girbe, Ya kai mu damina mai zuwa lafiya.